Dan Allah wa ya san yadda ake lissafa gudun faiba cikin igiyar ruwa da kwamfuta?

ɗan_ƙofar_sauri

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman wanda ya taɓa aiki a kan jiragen ruwa masu gudu, irin faibar nan mai inji a baya wadda in ta ɗau wuta zakaga ta ɗaga hanci ta haye saman ruwa tana shafarsa kawai. Ni ɗalibin injiniya ne ajin ƙarshe a nan cikin Katsina, furojet ɗina shi ne in rubuta kod da zai faɗi gudun da irin wannan jirgin zai iya yi in akwai igiyar ruwa, ba a ruwa kwance ba.

Jirgin da na ɗauka tsawonsa mita 7, faɗi mita 2, nauyi har da mutane da mai kilo 1500, ƙasansa mai siffar V ne kusurwar digiri 15, tsakiyar nauyi tana mita 2.6 daga baya, inji mai doki 85, gudun da nake so not 25 wato wajen kilomita 46 a awa. Na ruwa kwance na gama shi da hanyar Savitsky ta 1964 (ƙa'idojin lissafa turjiya da ɗagawar hancin irin wannan jirgin) a yaren kod na Python, ya ba ni hancin yana ɗagawa wajen digiri 3, turjiyar ruwa kuma wajen niwton 2500, malamin da ke duba ni ya gani yace ba laifi.

Inda na maƙale shi ne igiya. Na yanka jirgin yanki-yanki a lissafi yadda wani masani Zarnick ya yi, ina lissafa ƙarfin da ruwa ke buga wa kowane yanki in haɗa, amma da na sa igiya ko ta rabin mita ce, bayan 'yan daƙiƙu sai lambobin su haukace, jirgin ya tashi sama mita ɗari ko kuma kwamfutar ta cika min allo da NaN, wato amsar da ba lamba ba. Sannan ko da ace ya yi aiki, har yanzu ban gane ta ina GUDUN zai fito ba tunda ni nake ba shi gudun da hannuna tun farko. Wasu abokaina sunce in watsar in koma CFD kawai, wato kwaikwayon motsin ruwan gaba ɗaya a kwamfuta, to laftof ɗina ram 8 ne kuma kun san yanayin wuta. Dan girman Allah a ba ni shawara, lokaci na tafiya.

Malama_Lissafi

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ba jirgi na karanta ba, lissafi nake koyarwa, amma ciwon kod ɗinka na san shi don ba a jirgi kaɗai yake faruwa ba. Kafin komai duba min abu ɗaya: ƙarin nauyin ruwan nan da kowane yanki ke ja tare da shi in yana nutsa, a wane gefe na lissafin ka ajiye shi? Ƙarfin da ke kan yanki ya ƙunshi canjin (ƙarin nauyi sau gudun nutsawa), in ka buɗe wannan zakaga akwai gutsuren da ke ɗauke da fizgar jirgin kanta (saurin canjin gudunsa), wato abin da kake nema. Yawancin ɗalibai sai su bar shi a dama su sa fizgar takun lokacin da ya wuce. A jirgi mara nauyi irin naka ruwan da yake ja zai iya fin jirgin kansa nauyi, to kaga kuskuren kowane taku sai ya haifi wanda ya fi shi, nan da nan ya fashe, kuma ko ka rage takun lokaci ba zai warke ba. Maida shi hagu ka haɗa shi da nauyin jirgin, ka samu matiris ƙarami na hawa-da-sauka da na ɗaga hanci, ka warware shi a kowane taku.

Na biyu, NaN ɗin nan ina kyautata zaton daga yankin da ya fita daga ruwa ne. Zurfinsa ya koma ƙasa da sifili, kai kuma kana raba wani abu da faɗin da ya jiƙa ko kana ɗaukar tushensa. Sa sharaɗi: in zurfi bai kai sifili ba, ƙarfi sifili, ƙarin nauyi sifili, shikenan. Haka faɗin da ya jiƙa kar ya wuce gefen jirgin, in ruwa ya kai kafaɗar V ɗin ya tsaya nan.

Yi amfani da Runge-Kutta mai hawa huɗu wajen ciyar da lissafin gaba taku-taku, taku 0.001 na daƙiƙa, sannan ka raba takun biyu ka sake gudu ka gani ko amsar ta canza. Kuma kar ka sake mishi igiya gaba ɗaya a daƙiƙar farko, bari ya zauna a ruwa kwance tukuna ya ba ka digiri ukun nan da ka samu a Savitsky ko kusa da shi, sannan ka ɗaga igiyar a hankali. In bai zauna a ruwa kwance ba to babu amfanin zuwa gaba.

Injiniya_Daurawa

Malama ta gama da ɓangaren fashewar, abin da ta faɗa shi ne. Ni bari in taɓa ɗayar tambayar taka don ita ce zuciyar furojet ɗin kuma naji daɗi da ka lura da ita da kanka. Ni ɗan Daura ne amma aiki ya kai ni Fatakwal, zanen ƙananan jirage muke yi.

Gaskiya ne, tsarin da Ernest Zarnick ya fitar a 1978 a cibiyar David Taylor ta sojan ruwan Amurka, yadda aka saba amfani da shi gudun kai kake ba shi, shi kuma ya faɗa maka yadda jirgin zai yi tsalle da yadda zai buga. Tushensa ma ba daga jirgin ruwa ya fito ba, daga jiragen sama masu sauka a kan ruwa ne, von Karman a 1929 da Wagner a 1932 su suka fara lissafa abin da ke faruwa in abu mai siffar V ya faɗa ruwa. Wagner ne ya nuna ruwan yana taruwa ya hau gefe, shi yasa faɗin da ya jiƙa ya fi wanda ido zai auna da ninkin pi bisa biyu, ka tabbata ka sa wannan. Kuma ƙarfin da ke sa jirgi ya yi iyo in yana tsaye, a guje ba ya cika saboda bayan jirgin a bushe yake ruwa ya rabu da shi, dole ka rage shi, in ka bar shi cikakke hancin zai kwanta fiye da gaskiya.

To gudun fa? Jirgi yana rasa gudu cikin igiya ta hanya biyu kuma dole ka raba su.

Ta farko ba da son kowa ba: igiya na ƙara turjiya. Sai ka gudu kod ɗinka a not 10, 15, 20, 25, 30, kowanne ka ɗauki matsakaicin turjiya, ka zana giraf. A kan giraf ɗin ka zana turin da farfela ke iya bayarwa a kowane gudu. Inda layukan suka haɗu nan ne gudun da injin zai iya kaiwa. Duba naka ma: niwton 2500 sau mita 12.9 a daƙiƙa ya ba ka wajen kilowat 32, doki 43 kenan, tunda kuma abin da ke zama turi na gaske a irin waɗannan injinan bai cika wuce rabi da ɗan wani abu ba, kaga kana buƙatar wajen doki 80 tun a ruwa kwance, wato injinka na 85 ba shi da wani rara sosai, igiya kaɗan zata sauke ka daga 25.

Ta biyu ita ce wadda ɗalibai ke mantawa kuma a ƙananan jirage sau da yawa ita ke fara zuwa: direba da kanshi yake sakin totur saboda bugu. Lissafa ka gani. A ruwa mai zurfi tsawon igiya shi ne 1.56 sau lokacinta sau lokacinta, igiya mai daƙiƙa 3 tsawonta mita 14 kenan, ninki biyu na jirginka. In kana tunkararta gaba da gaba a not 25, ba duk daƙiƙa 3 zaka gamu da ita ba, duk daƙiƙa 0.8 ne. Kafin jirgin ya gama saukowa daga ɗaya ya tarar da ta biyu tana tasowa.

Akwai gajeriyar hanya ta duba wannan. Gerard Fridsma ya ja ƙananan samfura a tankin gwaji na Davidson da ke kwalejin Stevens a New Jersey ta Amurka, 1969 da igiya mai tsari ɗaya, 1971 da igiya hargitsattsiya, da V na digiri 10, 20 da 30. Daga sakamakonsa Savitsky da Brown suka fitar da ƙa'idoji a 1976 na ƙarin turjiya da na bugu. Na sa lambobinka a ciki da igiyar rabin mita: a not 25 matsakaicin bugu a tsakiyar nauyi wajen g 1.5 ne (g ɗaya ita ce fizgar da ƙasa ke jan abu da ita), a not 15 ya sauko wajen g 0.75. Ka lura rabi ya koma, ba kashi ɗaya cikin uku ba kamar yadda ninkin gudu kaɗai zai nuna, dalili in ka rage gudu hancin yana ƙara ɗagawa zuwa digiri 4 shi kuma wannan yana ƙara bugun. Kuma matsakaici ne fa, manyan ciki sun ninka haka, a hanci kuma ya fi tsanani. Hattara, ƙa'idar da ƙafa da not aka rubuta ta, in ka zuba mata mita zata ba ka shirme ba tare da ta yi ƙorafi ba.

Don haka amsar furojet ɗinka ba lamba ɗaya bace. Giraf ne: tsayin igiya a ƙasa, gudu a gefe, layi ɗaya na iyakar inji, layi ɗaya na iyakar bugu, wanda ya fi ƙasa a kowane wuri shi ne gudun gaskiya.

Abba_KT

Ni dai tambayata ba da wata manufa ba wlh, mi ya kai ɗan Katsina furojet ɗin jirgin ruwa? Ba teku garemu ba ba babban kogi ba. Kuma in dai za a yi, a ganina a yi da OpenFOAM, manhajar CFD, tunda kyauta ne kuma shi duniya ke yayi yanzu, ƙa'idojin 1964 ai sun tsufa, ranar difens in ka nuna hoton ruwa na fantsama kala-kala kowa zai san ka yi aiki.

Baban_Walida

Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba, yarona ne ya nuna min wanga zance yace ga abin da na sani. Na tuƙa faiba shekaru a Legas kafin in dawo gida Daura. Abin da injiniya ya faɗi na totur, wallahi haka yake, hannun direba ba ya zama wuri ɗaya. Kana kallon ruwa ne, in kaga babba na tahowa ka sassauta kafin hanci ya hau, tana wucewa ka maida wuta tun jirgin bai zauna ba, don in ya zauna sai ka sake shan wahalar tada shi. Kamar mai babur ne a hanya mai gargada, ba injin ne ya kasa ba, bayanshi da na fasinja ne ba zasu ɗauka ba.

Kuma yaro ka sa wannan cikin lissafinka in da hali: in jirgi ya yi tsalle farfela takan fito waje ko ta sha iska, zakaji inji ya yi ƙara sama kamar zai tsage amma ba ya turi, in ta koma ruwa sai ta fizge ka. Sannan zaman mutane. Fasinjan gaba shi ke shan duka, tsofaffi da masu ciki baya muke sa su. Amma in kowa ya koma baya hanci ya ɗaga da yawa jirgin ya ƙi hawa ruwa, ko ya hau ya dinga sallama da kai sama ƙasa sama ƙasa alhali ruwan lafiya lau, sai kace wa mutum biyu su matsa gaba ko a tura jarkokin mai gaba, nan take ya daina. Kuma ba mu cika tunkarar igiya kai tsaye ba, ana ɗan karkata mata ne.

Abba kuma da kake cewa ba mu da ruwa, dam ɗin Zobe fa? Jibiya fa, da Sabke nan kusa da mu? In iska ta taso da yamma a dam igiyar gajera ce amma a jere take zuwa ba hutu, ni ta fi ban haushi a kan doguwar ta teku wadda zaka hau ka sauka a hankali.

ɗan_ƙofar_sauri

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Malama, na maida ƙarin nauyin hagu na sa sharaɗin zurfi, yanzu yana gudu har daƙiƙa 60 bai fashe ba, a ruwa kwance ya zauna kusa da abin da Savitsky ya ba ni. Baba nagode ƙwarai, maganar farfela ban taɓa kawo ta a raina ba, zan sa kod ɗin ya dinga ƙirga sau nawa bayan jirgin ke fita daga ruwa.

Abba dalilina shi ne ceto. Ka tuna hatsarin Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da na Bagwai a Kano a Nuwamban shekarar, na san waɗancan jiragen katako ne da aka yi wa lodi ba masu gudu ba, amma jirgin da zai je ceto shi dole mai gudu ne, kuma sau da yawa ranar da iska ta ɓaci ake nemansa. In hukuma zata sayi faiba ta ajiye a dam ya kamata a san minti nawa zata ɗauka ta kai tsakiya a ranar da ruwa ba daɗi, ba gudun da aka rubuta a takardar mai sayarwa ba.

Injiniya saura tambaya biyu dan Allah. Wace irin igiya zan sa wadda ta yi kama da ta dam, tunda Baba yace ba irin ta teku bace? Sannan maganar Abba ta CFD, in bari gaba ɗaya?

Injiniya_Daurawa

Baba Allah ya ƙara girma, abin da kuka faɗa na sallama da kai a ruwa lafiya sananne ne a wajen masu zane, Day da Haag sun auna iyakarsa tun 1952, kuma maganin da littafi ya bayar shi ne naku: a rage ɗagawar hanci, a matsar da nauyi gaba. Ƙanena wannan ma gwaji ne mai kyau ga kod ɗinka, ja tsakiyar nauyi baya kaɗan kaɗan a ruwa kwance ka gani ko zai fara wannan rawar da kanshi.

Igiyar dam gajera ce saboda iska ba ta samun doguwar tazara ta hura a kan ruwan, kilomita kaɗan ne ta kai gaɓa. Don haka kar ka ɗauki tsarin igiya na Pierson-Moskowitz, wannan na buɗaɗɗen teku ne da igiya ta gama girma. Ɗauki JONSWAP, an fitar da shi daga awon da aka yi a Tekun Arewa na Turai aka wallafa a 1973, an yi shi ne don inda tazarar iska ke da iyaka. Ka haɗa ƙananan igiyoyi masu yawa kowace da lokacinta da mafarinta na kacici-kacici, ka bar jirgin ya gamu da ɗaruruwa kafin ka ɗauki matsakaici, daƙiƙa 60 ba ta isa ba. Nauyin ruwa kuma 1000 zaka sa ba 1025 na gishiri ba. In wurin ba zurfi, kamar bakin dam lokacin rani, 1.56 ɗin nan ba ta aiki sai ka koma cikakkiyar ƙa'idar mai zurfi a ciki.

CFD kuwa, Abba ba ƙarya ka yi ba, muna amfani da shi a ofis kuma yana ganin abin da yanka-yanka ba ya gani, kamar fantsamar ruwa da matsin kowane lungu na ƙasan jirgi. Amma jirgi mai gudu yana cikin masu wuyar sha'ani a CFD. Ragar lissafin sai ta kai miliyoyin ɗakuna, dole ta motsa tare da jirgin yana tsalle, takun lokaci ƙanƙani, igiyar kanta in ragar ba ta yi laushi ba sai ta narke kafin ta iso jirgin. Ga wata matsala da duk mai wannan aiki ya sani, iska ta ƙarya tana shiga ƙarƙashin jirgin a cikin lissafin ta rage gogayya, sai ka samu turjiya ƙasa da gaskiya alhali hoton ya yi kyau abin sha'awa. Daƙiƙu kaɗan na tafiyar jirgi sai su ci kwanaki a kwamfuta mai ƙarfi, shi kuma yana buƙatar gudu biyar sau tsayin igiya huɗu ko biyar sau ɗaruruwan igiyoyi. A ram 8 da wutar da muka sani ba zai gama ba. Tsufan ƙa'idar Savitsky kuma bai dame ni ba, har gobe da ita ake fara zane, abin kiyayewa kawai iyakarta: hanci tsakanin digiri 2 da 15, tsawon da ya jiƙa kar ya wuce faɗi huɗu, kuma ta ɗauka ƙasan jirgin bai canza siffa daga baya zuwa gaba.

Abin da zai ɗaga furojet ɗinka a idona shi ne ka sa jirgin Fridsma a kod ɗinka, ba naka ba, da girmansa da nauyinsa da igiyarsa yadda ya rubuta, ka ɗora sakamakonka a kan nasa a giraf ɗaya. Inda suka rabu ka faɗa a fili. Ka sa ran hawa-da-sauka da ɗaga hanci zasu fi kusa, bugun hanci shi zai fi ba ka wahala. Akwai kuma OpenPlaning a Python, kyauta, ka gwada lissafinka na ruwa kwance da shi.

Malama_Lissafi

Ƙari kaɗan a kan na injiniya. In ka samu dama ka je Zobe ko Jibiya ka roƙi masu jirgi mai inji, wayarka tana da GPS da na'urar auna fizga, ɗaure ta tam da sol a kan katakon zama kusa da tsakiya, kar ka riƙe a hannu don hannu na shanye bugun. Ba zata kama ƙololuwar bugu daidai ba saboda yana wucewa da sauri ƙwarai, amma zata ba ka gudu da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ka gwada da 0.8 ɗin da injiniya ya lissafa maka bayan ka sa gudun wannan jirgin da igiyar ranar. Ka sa rigar kariya kafin ka taka jirgin, kuma kar kace wa direba ya ƙara wuta don awonka ya yi kyau, bar shi ya tuƙa yadda ya saba ka rubuta lokacin da ya sassauta. Turo min giraf ɗin rabin taku da cikakken taku in ka gama in duba.